Shekara 22 Ina Dattijo, Aka Ajiye Ni Aka Ɗauki Tsohon Mashayi: Girman Kai Ne Ke Damuna?

Wani dattijo ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekarata 22 a cikin dattawan ikkilisiyarmu. Kakana yana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a garinmu, babana kuma mai bishara ne. Ban taɓa fashin zakka ba, ban taɓa shiga horo ba. A zaɓen bana aka ajiye ni, aka ɗauki wani da kowa ya san shekara 6 da suka wuce daga gidan giya ake kwaso shi. Tun ranar addu'a ta gagare ni. In na shiga sujada ji nake kamar ba ni da sauran amfani. Matata ta ce girman kai ne, ni kuwa ban taɓa ɗaga wa kowa hanci ba. Shin girman kai ne? In duk abin da na yi bai ba ni daraja ba, to ina darajata take?"

Dattijo, ina gaisuwa, sannu kuma da wannan ciwo. Wanda bai taɓa zama a kujerar gaba aka ce ya koma baya ba, da wuya ya gane zafinsa. Na koyar da wasiƙun Bulus a makarantar Littafi Mai Tsarki fiye da shekara 30, kuma abin da ya same ka ya taɓa samuna, zan zo kan wannan. Amma tun da ka tambaya kai tsaye, bari in amsa kai tsaye: Mama, wato matarka, ta faɗi gaskiya. Sai dai irin girman kan da take nufi ya bambanta da wanda kake karewa kanka daga gare shi.

Girman kan da muka saba gani shi ne na mai ɗaga hanci, wanda ba ya amsa gaisuwa, wanda in ya yi kuɗi sai ya manta hanyar gidan ƙanin babansa. Wannan kowa na ganinsa daga nesa. Na addini kuwa yana gaisuwa har da durƙusawa. Shi ke fara zuwa addu'ar asuba, shi ke ba da buhun masara ranar godiyar kaka, shi ke kulle majami'a bayan kowa ya watse. Da kayan kirki aka gina shi, shi ya sa mai shi ba ya ganewa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Yakan kwanta shiru shekara da shekaru, ba ya motsi sai ranar da aka ɗaga wani da kake ganin bai kai ka ba.

Sake karanta wasiƙarka. Ka jera kakanka, babanka, shekarunka, zakkarka da tsabtar sunanka. Ban yi shakkar ko ɗaya ba. Daga nan sai ka juyo ka nuna wani mutum ka faɗi inda ake kwaso shi. Wannan tsari, jerin abin kirki sannan a nuna wani da yatsa, shi ne tsarin wata addu'a da Yesu ya kawo a Luka 18:9-14, kuma Luka ya ce ya buga misalin ne domin waɗanda suka amince wa kansu cewa su masu adalci ne, suna rena sauran mutane. A misalin, mutum biyu ne suka shiga Haikali, ɗakin sujadar Yahudawa a Urushalima, yin addu'a: Bafarisiye da mai karɓar haraji.

Mun ɓata sunan Bafarisiye a wa'azi har yaran Sande Sukul suna ɗauka mugu ne kamar ɓarawo. Masu sauraron Yesu ba haka suke ganinsa ba. Farisiyawa mutanen gari ne masu kishin Shari'a, yawancinsu ba firistoci ba, kuma talakawa suna girmama su. Masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya ce a zamanin Hirudus sun ɗan haura 6,000. In da yau ne, irin mutumin da kowace ikkilisiya za ta yi rububin sa a kwamiti ke nan. Dubi abin da ya ce yana yi. Shari'ar Musa azumi ɗaya ta wajabta a shekara, na Ranar Kafara, kamar yadda yake a Littafin Firistoci sura 16. Shi yana yin biyu a kowane mako. Shari'a ta ce a fitar da ushirin amfanin gona da na dabbobi, shi yana fitarwa daga duk abin da ya shigo hannunsa. Ya ce shi ba mazambaci ba ne, ba mazinaci ba ne, kuma Yesu bai ce ƙarya yake yi ba. Har godiya ya yi wa Allah a farkon addu'ar.

Mai karɓar haraji kuwa, kada tausayi ya sa mu wanke shi. Irinsu suna karɓar kuɗin fito da na hanya a ƙarƙashin mulkin da Romawa suka kafa, su ƙara nasu a kai, su ci da gumin 'yan'uwansu. Zakka, wani mai karɓar haraji na Yariko, da bakinsa ya yi maganar mayar da ninki huɗu ga waɗanda ya cuta. Wannan da ke cikin misalin bai ma kai ga yin alkawarin mayar da komai ba. Ya tsaya can nesa, inda mu za mu ce bencin baya na waɗanda ke ƙarƙashin horo, ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji. Akwai wani abu a cikin roƙonsa da fassara ba ta iya fitarwa sosai. A wannan sura, aya 38, makahon da ke bakin hanyar Yariko ya yi kira a ji tausayinsa da kalmar Helenanci da aka saba. Mai karɓar haraji wata kalmar dabam ya yi amfani da ita, wadda tushenta ɗaya da kalmar kafara. A Haikali yake tsaye, inda ake yanka ɗan rago safe da yamma kowace rana. Abin da yake cewa shi ne: ya Allah, hadayar nan ta tsaya mini, don ni ba ni da abin da zan ajiye a gabanka. Yesu ya ce wannan ne ya koma gida baratacce, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ɗayan kuwa a'a.

Me ya kayar da Bafarisiyen, tun da aikinsa na gaske ne? Ma'aunin da ya zo da shi. Ya shiga gaban Allah amma idonsa na kan mutumin da ke bayansa, don sai da wannan mutum yake sanin tsawon kansa. A cire mai karɓar haraji daga Haikali, rabin addu'arsa ta zube. Haka daraja irin wannan take, ba ta iya tsayuwa sai da wani a ƙasa. To ranar da na ƙasan ya tashi, ina za ta tsaya? Ka lura ba ajiye ka kaɗai ne ya hana ka addu'a ba. Da wani tsohon malamin makaranta mai suna aka ɗauka, da ka ji zafi kwana biyu ka haƙura. Wanda aka ɗauka ɗin ne ya tsaya maka a wuya.

Wani ɗan abin dariya daga tarihi. Azumin Farisiyawa na mako Litinin da Alhamis ne. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa ta Kiristocin farko mai suna Didake, daga wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, da ta ce kada azuminku ya zo ɗaya da na munafukai masu yin Litinin da Alhamis, ku yi naku Laraba da Jumma'a. Wato maganin munafunci shi ne a sauya rana! Na kuma san wani mai karatu zai tuna da maƙwabtanmu Musulmi masu azumtar waɗannan ranaku ya ce ai da su ake. Duk wanda ya faɗi haka ya riga ya tsaya daidai inda Bafarisiyen ya tsaya. Misalin nan tarko ne: da ka ce "na gode Allah ni ba kamar Bafarisiyen nan ba ne", ya kama ka.

Yanzu ga wanda ya fi kama da kai a Sabon Alkawari, Bulus. A Filibiyawa 3:4-6, yana ɗaure a kurkuku, ya jera nasa takardun guda 7. Huɗu gado ne: an yi masa kaciya a rana ta 8, Ba'isra'ile ne, daga kabilar Biliyaminu wadda ta ba Isra'ila sarkinta na fari, wanda ma sunansa ya ci, Shawulu, kuma Ba'ibrane ne ɗan Ibraniyawa. Uku kuwa guminsa ne: Bafarisiye ne, wanda ya yi karatu a gaban babban malami Gamaliyel kamar yadda ya faɗa a Ayyukan Manzanni 22:3, kishinsa ya kai har ya tsananta wa ikkilisiya, ta wajen adalcin Shari'a kuma ba a same shi da aibu ba. Gado da ƙoƙari. Kakanka da babanka a gefe ɗaya, shekaru 22 da katin zakka a ɗaya gefen. Lissafinku iri ɗaya ne.

Sai ya ɗauko harshen 'yan kasuwa. Ya ce abubuwan da a dā ya rubuta a shafin riba, yanzu ya tattara su ya mayar shafin hasara saboda Almasihu. A aya 8 ya ƙara da wata kalma mai kaushi, skubala, wadda ba ta sake fitowa ko'ina a Sabon Alkawari ba. Ma'anarta abin da ake kwashewa a zubar a juji, har da kashi. Ɗalibaina sukan yi tsuru-tsuru in na faɗa musu manzo ya rubuta irin wannan kalma a wasiƙar da za a karanta a gaban jama'a. Amma a kula da abin da ya kira juji. Bai kawo zunubansa na ɓoye ba, mafi kyawun abin da yake da shi ya kawo. Kuma bai ce zama ɗan Biliyaminu laifi ne ba, don a Romawa 11:1 ya sake ambatarsa ba kunya. Abin da ya ƙi shi ne ya riƙe su a matsayin kuɗin da zai biya ya shiga gaban Allah. Kuɗin da gwamnati ta soke, ko buhu ka tara, ba ya sayen gishiri. A aya 9 ya faɗi abin da ya karɓa a madadinsu: a same shi cikin Almasihu, da adalcin da ke zuwa daga Allah ta wurin bangaskiya, wanda ba shi ya ƙera ba.

Kada kuma ka ɗauka wannan ya mai da shi malalaci. A 1 Korantiyawa 15:9-10 ya kira kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni, nan take kuma ya ce ya fi su duka aiki, sai ya ƙara da cewa alherin Allah ne da ke tare da shi. Aikin bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne ya daina cin abinci daga aikin, ya koma ci daga alheri, aikin ya zama abin da ƙoshi ke haifarwa.

Akwai wani Bature da labarinsa ke taimaka mini a nan, John Wesley, wanda darikar Methodist ta samo asali daga gare shi. Ɗan fasto ne a Ingila, an haife shi a 1703. A jami'ar Oxford shi da abokansa suna azumin Laraba da Jumma'a, suna ziyartar fursunoni, suna tsara kowace sa'a ta yini har aka yi musu laƙabi da masu bin ƙa'ida. An naɗa shi fasto, a 1735 kuma ya hau jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka aikin mishan. A hanya guguwa ta taso, tsoron mutuwa ya kama shi, ga wasu Kiristoci Jamusawa 'yan Morabiya a cikin jirgin suna ta waƙa hankali kwance. Ya dawo gida aikin bai yi kyau ba, yana tambayar kansa: na je in tubar da wasu, ni wa zai tubar da ni? Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa, sai ya ji ya dogara ga Almasihu kaɗai, ya tabbata zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke. Yana da shekara 34, ya yi shekaru yana wa'azi. Daga baya da ya waiwayi shekarun farko, ya ce bangaskiyar bawa yake da ita a lokacin, ba ta ɗa ba. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

To ina darajarka take? Tana wuri biyu, kuma ba ka sa hannu a ko ɗaya ba. Na fari, Farawa 1:27, an halicce ka cikin siffar Allah, kai da mutumin da aka zaɓa, har lokacin da yake kwance a bakin gidan giya. Na biyu, farashin da aka biya. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne mai daraja (1 Bitrus 1:18-19). Bulus kuma ya faɗi lokacin da aka yi cinikin: tun muna masu zunubi, Romawa 5:8. Ba a jira ka cika shekara 22 aka duba littafi ba. A ɗakina akwai Littafi Mai Tsarki na babana, tsohuwar fassarar Hausa ta 1932. Bangon ya rabu, an ɗinke shi da zaren buhu, ruwa ya taɓa Zabura har takardun sun kumbura. In na kai shi kasuwa ba mai taya shi ko kuɗin ƙosai. Ni kuwa ko gida za a ba ni ba na sayarwa. Ƙaunar mai shi ce ta sa masa farashi. Abin da aka ba ka kyauta kafin ka yi komai, ƙuri'ar mutane ba ta isa ta ƙwace shi ba, tun da ba ita ta bayar ba.

Shi ya sa wannan jin na "ba ni da amfani" ban ɗauke shi tawali'u ba. Littafin lissafin nan ne dai, an juya shi ta baya. Jiya ya ce maka ka fi wane, yau ya ce maka ba ka kai komai ba. Mai girman kai da mai rena kansa duk kansu suke kallo.

Na ce abin ya taɓa samuna. Bayan na yi ritaya aka gayyace ni wani babban taro. Na sa babbar rigata, na isa da wuri. Wani yaro mai ɗauke da takarda ya dube ni ya nuna mini layi na huɗu. A kan dakali kuwa mutum uku da ke zaune ɗalibaina ne, ɗaya ma ni na roƙa masa aka bar shi ya sake jarrabawar Helenanci. Mai gabatarwa ya kira sunayen manyan baƙi har da matansu, nawa bai fito ba. Wa'azin ranar a kan alheri ne, amma ban ji ko kalma goma ba, ina zaune ina ƙirga shekaru a zuciya. Sai da aka zo Jibin Ubangiji, faranti ya biyo layi, na ga gutsuren gurasar da na ɗauka daidai yake da na yarinyar da ke kusa da ni, wadda ko baftisma ba ta daɗe da yi ba. Ni da na koyar da Filibiyawa 3 sau ba adadi, ranar na gane ashe jujin nan ina da nawa a ɓoye a aljihu. Ban ce na warke gaba ɗaya ba. Har yanzu in ana kiran sunaye kunnena yakan miƙe.

Ba na so in yi maka rashin adalci. Zaɓen ikkilisiya ba wahayi ba ne. Akwai ƙabilanci a ciki wani lokaci, akwai kamfe a ɓoye, akwai masu ramuwa don an taɓa tsawata musu. Bulus da kansa a 1 Timoti 3:6 ya hana a ɗora sabon tuba a shugabanci, kada ya kumbura. In kana ganin an karya ƙa'ida, ko ka san wani abu a rayuwar mutumin a yau, ba ta shekara 6 da suka wuce ba, ka sami fasto ka faɗa masa a ɗaki, haƙƙinka ne. Amma a wasiƙarka ba ka kawo laifinsa na yanzu ko ɗaya ba. Abin da ka kawo shi ne abin da Almasihu ya riga ya fisshe shi daga ciki. Shekara 6 mutum bai koma kwalba ba, a gari ɗaya da tsoffin abokan shansa, wannan aikin Allah ne da ya kamata jikan mutanen farko ya fi kowa murna da shi. Kakanka ma ai ranar da ya shiga ruwa sabon tuba ne, ba shi da kakan da zai ambata.

Mu koma ga bawa da ɗa. A Luka 15 mun fi son labarin ƙaramin ɗa da ya tafi ya dawo, amma babban wan shi ne namu, mu 'yan kujerar gaba. Ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Da uban ya fito yana lallashinsa, sai ya ce shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Bauta ya kira zamansa a gidan ubansa. Duk shekarun nan albashi yake jira. Uban bai musa aikinsa ba, bai kuma zage shi ba. Ya kira shi ɗana, ya ce kullum kana tare da ni, duk abin da nake da shi naka ne. Ɗan akuyan da yake ƙorafi a kai, garken duka nasa ne tun tuni.

Game da addu'ar da ta gagare ka, kada ka tilasta wa kanka dogayen kalmomi. Addu'ar da ka saba wataƙila ta jingina da matsayinka fiye da yadda ka sani, shi ya sa da aka janye kujerar ta rasa wurin zama. Ɗauki ta mai karɓar haraji, gajeriya ce, ka yi ta safe da dare har bakinka ya saba. In fushi ne a ranka, faɗa wa Allah fushi ne, masu Zabura sun faɗi abin da ya fi haka. Ka kuma zaɓi wani aiki ɗaya da ba mai kiran suna a kansa a lasifika, kamar kai wa wata gwauruwa hatsi da dare, ka ga yadda zuciyarka za ta yi ƙaiƙayin a sani. Wannan ƙaiƙayin zai nuna maka girman abin fiye da duk bayanina.

Sannan akwai littattafai da makullan da ke hannunka na shekara 22. Kada ka aika yaro da su. Ka kai masa gida da kanka, ka zauna ka sha ruwan gidansa, ka nuna masa wace gwauruwa ce ba ta iya roƙo ko yunwa za ta kashe ta, wane gida ne rigimar gado ke ci, wane wata ne baiko ke raguwa saboda kuɗin taki. Shi bai san waɗannan ba, kai ka sani, kuma zai buƙace su tun kafin damina ta faɗi. Ka gaida Mama.